Kada Ka Karɓi Shafinka Na Intanet Sai Ka Gwada Shi A Tsohuwar Waya

Yanzu mai shagon atamfa da makarantar kuɗi da ƙungiyar unguwa, kowa so yake a gina masa shafi a intanet. Maginin zai zo da kwamfutarsa sabuwa fil, ya buɗe shafin, a ga komai ya jeru tsaf, a biya shi har da godiya. Ba a jima ba sai ƙorafi ya fara shigowa: wannan ya ce rubutu ya hau kan rubutu, waccan ta ce ta rasa wurin da za ta danna ta tura oda. An yi cinikin biri a sama ke nan.

Dalili kuwa shi ne shafin intanet ba hoto ba ne da zai fito iri ɗaya ko'ina. Umarni ne a rubuce, ana kiran ɓangarensa na ado CSS, shi ke faɗin inda kowane abu zai zauna, da launinsa, da girmansa. Burauza, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, ita ke karanta umarnin ta shimfiɗa maka. In ta ci karo da umarnin da ba ta sani ba, ba ta cewa uffan, tsallakewa take yi. Tsarin jera abubuwa da ake kira Grid, alal misali, sai a watan Maris na 2017 Chrome da Firefox da Safari suka fara fahimtarsa. Burauzar da ta girmi haka watsar da jerin take yi.

Tsofaffin kuwa ba su ƙare ba. Kwamfutoci 'yan kwatano masu Windows 7 sun tsaya a Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023. Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yunin 2022, amma tana nan a wasu ofisoshi. Opera Mini, da jama'a ke so saboda tsimin data, takan matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso wayarka, a nan ado da yawa ke zubewa. Ga kuma tamu matsalar ta Hausa: in salon rubutun da aka zaɓa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito bambarakwai, ko a ga ƙananan akwatuna a gurbinsu.

Saboda haka, kafin ka biya cikon kuɗi, ari tsohuwar wayar maƙwabci ka buɗe shafin. Buɗe shi da Opera Mini. Cike fom ɗin da kanka, ka tura, ka ga ko ya isa. Tambayi maginin a kan waɗanne burauzoci ya gwada, akwai caniuse.com da ke nuna wace burauza ta san wane umarni, akwai kuma BrowserStack na gwaji a tsofaffi. In ado bai fito ba, da sauƙi, muddin ana iya karanta farashi da lambar waya, ana kuma iya dannawa.

Kai kuma mai tsohuwar burauza, sabunta ta in da hali. Wadda aka daina gyarawa ƙofa ce marar sakata, kada ka shiga asusun bankinka ta nan.