Abarba Ba Ta Ƙara Zaƙi a Gida

Mutane da yawa kan sayi abarba ɗanya su ajiye, suna jiran ta nuna kamar ayaba ko mangwaro. Wannan jira asara ce. Ayaba tana ɗauke da sitaci a jikinta, wanda ke rikiɗewa ya zama sukari bayan an sare ta. Ita kuwa abarba daga jikin uwarta take samun zaƙi, don haka ranar da aka yanke ta a gona, ranar zaƙinta ya tsaya. Wadda aka cire tun ba ta ƙosa ba a gonakin Edo ko Kuros Riba, don ta jure doguwar tafiya zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, da tsaminta za ta ƙare.

Wani zai ce ai ya sha ganin abarba ta yi ruwan ɗorawa a ɗaki, har ta yi laushi. Haka ne, amma ɓawon ne ya sauya launi, tsamin ya ɗan ragu. Sukari bai ƙaru ba, laushin kuma mafarin ruɓewa ne. Launi ma ba abin dogaro ba ne, domin doguwar abarbar nan ta Jamhuriyar Benin, wadda cikinta fari ne, takan nuna sarai alhali ɓawonta kore shar. Saboda haka a gaban mai talla ake yanke hukunci. A sunsuni gindinta: ƙamshi mai daɗi alamar nuna ce, warin tsami kamar na giya kuwa ta wuce. A ɗaga ta a ji nauyi, a duba ganyen bai bushe ba. In an kawo ta gida, a sha cikin kwana biyu, ko a yanka a rufe a firji. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 yana sa cikin wadda ba a yanka ba ya yi duhu idan ta daɗe.

A girki kuma, abarbar da ba a dafa ba tana da sinadarin bromelin mai narka furotin, shi ne ke sa harshe ƙaiƙayi. Ruwanta na tausasa nama mai tauri kafin gashi, amma in aka bari ya kwana a ciki, naman zai dagargaje. Haka yake sa madara ɗaci idan an haɗa an ajiye. Wuta tana kashe bromelin, shi ya sa ɓawon da aka wanke aka tafasa cikin zoɓo yake ba da ƙamshi ba tare da ya ci harshe ba.