Kada Ku Yi Saurin Ce Wa Yaro Daƙiƙi

Iyaye, in yaronku ya shekara 2 a makaranta bai iya haɗa baƙi ba, ku ajiye bulala tukuna.

Ku fara duba idonsa. Yana ƙanƙance ido in ya dubi allo? Yana kai littafi har bakin hanci? To, ku kai shi asibiti, watakila tabarau kaɗai yake bukata. Sai kunne. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, ko wanda ya sha fama da ƙyanda, yakan kasa jin malam sosai. Wanda bai ji harafi daidai ba kuwa, ina zai gane shi a takarda? Kada kuma ya tafi makaranta da yunwa, ko koko ne a ba shi.

Akwai wani yaron kuma, ido lafiya, kunne lafiya, ga wayo, amma haruffa na rikice masa. Wannan ba aikin iskoki ba ne, ba kuma lalaci ba. Kowace yamma wansa ko yarsa su zauna da shi kaɗan, ya zana harafi ɗaya a ƙasa da yatsa yana faɗin sautinsa, sai ya kama shi kafin a ƙara wani. Ku kuma gaya wa malaminsa, ya zaunar da shi a gaba.