Gadon Da Ke Bin Ɗan Ci-Rani Har Kurmi

A kowane zango na Hausawa a nan Kurmi, tun daga Sabon Badun wanda aka kafa cikin 1916, har Shagamu da Agege da Idi-Araba, ba a rasa labarin wanda ya kwanta talaka ya wayi gari da dukiya. Jiya yana dako a kasuwar Mil 12 ko yana ɗaurin goro, yau ga saƙo daga gida, wai baffansa ya rasu, alƙali kuma ya ce ba za a rufe rabon gado ba sai an gan shi. A da direban motar shanu ke kawo irin wannan wasiƙa, yanzu kuwa wayar hannu ce. Jama'a kan ce tsuntsu daga sama gasasshe. To, amma wanda ya san lissafin gado ba zai yi mamaki ba.

A ɗauki misali. Wani attajiri ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Ba shi da ɗa namiji ko jika ta wajen ɗa, iyaye da kakanni sun riga shi, wa da ƙane da 'yar'uwa duk babu, sai ɗan ƙanensa guda wanda ya yi shekara ashirin a Ikko. A ce bayan an yi jana'iza an biya bashi, abin da ya saura Naira miliyan 24 ne. Matar tana da sumuni, watau ɗaya bisa takwas, miliyan 3 ke nan. 'Ya'yan biyu su raba sulusi biyu, miliyan 16. Wannan kaso yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ragowar miliyan 5 kuwa ta asaba ce, watau namiji mafi kusa ta wajen uba, shi ne ɗan dakon nan na Mil 12. Ya fi matar mamacin samu, alhali kuwa wataƙila ko gaisuwar Salla bai taɓa aika wa baffan nasa ba.

Sai dai abin da ya kawo rabon yana iya kore shi. Da a ce mamacin ya bar 'yar'uwa shaƙiƙiya, ita za ta kwashe ragowar, ɗan ƙanen ya tashi a tutar babu. Ƙanwar ɗan dakon ita ma ba ta da ko kwabo, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Haka kuma a mazhabar Malikiyya, jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado muddin kakan ya bar ɗa namiji, sai fa in an yi masa wasiyya, ita kuwa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya. Mutane da yawa sun ci bashin kuɗin mota sun tafi gida da zumuɗi, suka komo da hannu biyu saboda rashin sanin wannan.

Galibi ba tsabar kuɗi ake tararwa ba, gona ce. Gonar da mutum ya baro ana shuka gero da gyaɗa a bayan gari, yau gari ya cim mata. Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki a Kano duk bayan gari ne a da, yanzu unguwanni ne cike da gidaje. A nan ne dillalai ke cin kasuwarsu. Sun san wanda ya daɗe a Kurmi farashin da ya baro shi ke cikin kansa, sun kuma san yana sauri ya koma bakin sana'arsa. Sai su tare shi tun kafin ya je ya ga filin, su zube masa kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, ya sa hannu yana godiya. Kafin shekara ta kewayo an yanka gonar fuloti-fuloti, fuloti biyu ko uku sun mayar wa mai saye kuɗinsa. Wanda ya naɗa wakili ta waya ba tare da shaidu ba, shi ma yakan sha irin wannan, wani lokaci ma a hannun ɗan'uwansa na jini.

Wanda aka daina jin ɗuriyarsa fa? Shari'a ba ta shafe sunansa don ya yi shiru. Ana ware kasonsa a ajiye har a tabbatar yana raye ko ya mutu. Saboda haka akwai tsofaffi a zangunan nan masu kwana a shago, ga haƙƙinsu can yana jiransu, kunyar komawa gida hannu rabbana ce kawai ta hana su tambaya.

Har ila yau akwai ɗaya gefen. Bahaushe ya yi shekara arba'in a Agege, ya gina gida, ya auri Bayarabiya, ya haifu, bai taɓa kai iyalin gida an san su ba. Ranar da ya rasu sai 'yan'uwa su taso daga Arewa da ƙarfinsu za su gaji gida, su tarar da ɗa namiji wanda ya shamakance su gaba ɗaya. Jihohin Ikko da Ogun da Oyo ba su da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, don haka irin wannan magana a zauren Sarkin Hausawa take fara sauka, a kira liman da dattawan da suka halarci ɗaurin auren. Abu na farko da ake tambaya shi ne wa ya shaida auren, wa kuma ya halarci sunan yaron.