Ruwan Dam ɗin Watari: Sanyinsa, Ɗuminsa da Lokutan Iyo

Madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai ita ce babban ruwan da ya fi kusa da mutanen Tofa da Dawakin Tofa da Bichi. An gina ta ne a ƙarshen shekarun 1970 a kan kogin Watari, wanda ke gangarowa kudu ya haɗu da kogin Challawa. Tana cikin jerin madatsun da jihar Kano ta gina a wancan zamani domin noman rani da ruwan sha, waɗanda babbarsu ita ce Tiga da aka kammala a 1974. Ba don iyo aka yi ta ba, amma manoma da masunta da makiyaya da yara duk suna shiga cikinta, kuma halin ruwan yana sauyawa daga wannan lokaci na shekara zuwa wancan.

Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Ƙasa da iska sukan yi zafi da rana su huce da dare, shi kuwa ruwan dam sannu a hankali yake juyawa, yana biye da yanayi a baya. Wannan ne ya sa da asubar hunturu ake ganin tururi na tashi a kansa, domin a lokacin ya fi iskar ɗumi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, iskar arewa maso gabas kan zo a bushe, hazo kuma ya rage ƙarfin rana. A Kano sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas cikin Disamba da Janairu. Busasshiyar iskar tana ɗebe danshi daga saman ruwa, tana tafiya da zafinsa, kamar yadda ruwan randar ƙasa ke yin sanyi idan iska na bugun jikinta. A wannan lokaci ruwan madatsun yankin yakan sauko zuwa wajen digiri 20. Adadin ba ya da ban tsoro a ido, sai dai ruwa yana janye zafin jiki sau 25 fiye da iska. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, idan ya faɗi ƙasa da 35 an shiga haɗari. Wuraren da ake gasar ninƙaya a duniya ana ajiye ruwansu ne tsakanin digiri 25 zuwa 28. Wanda ya daɗe a ruwan hunturu sai makyarkyata ta kama shi, yatsu su ƙage, hannu da ƙafa su yi nauyi. Yara da marasa jiki su suka fi saurin galabaita, kuma fitowa cikin iska da jiƙaƙƙun kaya yana ƙara sanyin.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin da jama'a suka fi tururuwa bakin ruwa. Zafin rana a Afrilu yakan kai digiri 40, saman ruwan kuma ya doshi 30. A nan ruwa yake yaudara. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka yakan tsaya a sama, mai sanyi ya kwanta a ƙasa. Mai iyo da ya yi nutso a wuri mai zurfi, musamman kan tsohuwar hanyar kogin ko kusa da bangon dam, yana iya faɗawa cikin sanyin da bai zata ba, numfashinsa ya sarƙe. Bayan haka, ruwa yakan ja baya a bazara saboda ban ruwa da zafin rana, ya bar taɓo mai riƙe ƙafa da kututturan itatuwan da ya shanye tun lokacin da aka tare shi.

Ɗumin bakin gaɓa yana da wata illar. Ruwa marar zurfi mai ciyawa shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwayoyin sukan fito da yawa ne da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wanka, su huda fata su shiga jini. Alamar da aka fi sani ita ce fitsarin jini. Wasu na ɗaukar abin a matsayin alamar balaga ga yaro namiji, alhali cuta ce mai lalata mafitsara idan ta daɗe. Akwai maganinta a asibiti, ana kiransa praziquantel, amma wanda ya warke yana iya sake kamuwa idan ya koma ruwan.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan sama da gajimare suna rage ɗumin saman dam, iskar hadari kuma tana gauraya na sama da na ƙasa. Sanyi ba shi ne matsala ba a wannan lokaci. Rafuka suna kwararo laka har ruwan ya yi ja, ba a ganin ƙasansa. Wurin da yake iya gwiwa a Mayu yana iya shanye mutum a Agusta. Idan dam ya cika ya fara amai ta mafitarsa, ruwan da ke kusa da wurin yana da ja mai ƙarfi wanda ko gwanin iyo ba ya iya masa. Ga kuma tsawa, wadda ta fi samun wanda ke fili a kan ruwa.

Kaka, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ita ce lokacin da ruwan ya fi daɗi: laka ta kwanta, ɗumi bai tafi ba. Amma a lokacin ne dam yake cike maƙil, zurfinsa ya kai matuƙa.

Haɗarin bai tsaya ga masu iyo kaɗai ba. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale da ya ɗauko mutane fiye da kima daga ƙauyen Badau ya kife a wannan dam, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne nutsewa ta kashe a faɗin duniya a shekarar 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 25 ga Yulin kowace shekara domin wayar da kai a kan haka.

Matakan kariya ba su da wuya. Kada yaro ya shiga ruwa ba tare da babba na kallonsa ba, kada kowa ya yi iyo shi kaɗai ko bayan magariba. Baƙo ya tambayi masunta da Sarkin Ruwa kafin ya shiga, domin su suka san ramuka da mashigai. Idan wani na nutsewa, a miƙa masa gora ko igiya ko jarka marar komai a ciki daga bakin gaɓa, maimakon wanda bai ƙware ba ya faɗa ruwan su tafi tare. Masu fito kuma su kiyaye lodi, su tanadi rigar kariya ga kowane fasinja.