Lasisin Tuƙi a Kaduna: Yadda Ake Samunsa da Sabunta Shi Bisa Ƙa'ida

Lasisin tuƙi shaida ce ta hukuma wadda take tabbatar da cewa an koya wa mai riƙe da ita tuƙi, an jarraba shi, an kuma gamsu da lafiyar idonsa kafin a ba shi izinin hawa titin jama'a da abin hawa. A garin Kaduna, musamman ɓangaren da ke arewa da kogi, inda titin Ahmadu Bello da titin Ali Akilu suke kwasar motocin Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki zuwa Kawo, daga can kuma hanyar Zariya da Kano ta miƙe, da yawa daga cikin masu tuƙi sun ɗauki lasisi a matsayin katin da ake nuna wa jami'i idan an tsayar da mota kawai. Wannan gurguwar fahimta ce take sa mutum ya damƙa kuɗi da hoto ga dillali ya koma gida yana jiran a kawo masa kati, alhali darajar lasisi tana cikin matakan da aka bi kafin a buga shi, kuma mafi muhimmancin waɗannan matakai ba a wakilci a cikinsu.

Hukumomi uku ne suke da hannu a bayar da lasisin tuƙi a Nijeriya. Ta farko ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, yanzu kuma tana aiki ne a ƙarƙashin dokar da aka yi mata a 2007. Ita ce take tsara katin, take buga shi, take kuma riƙe da rumbun bayanan direbobin ƙasar baki ɗaya. Ta biyu ita ce ofishin duba lafiyar ababen hawa da jarraba direbobi, wanda aka fi sani da VIO, kuma a Kaduna gwamnatin jiha ta rushe tsohon ofishin a ƙarshen 2015, aikin kula da dokokin hanya ya koma hannun hukumar KASTLEA. Ta uku ita ce hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wadda a Kaduna ake kira KADIRS, domin a ƙa'ida jiha ce take bayar da lasisi, kuma ta ofishinta ne katin yake isa hannun mai shi. An raba aikin haka ne don kada ya zama hannu ɗaya ne yake karɓar kuɗi, yake jarrabawa, yake kuma buga katin.

Wanda zai nemi lasisi a karon farko dole ne ya kai shekara 18, sannan ya fara da makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, domin makarantar da ba ta cikin rajistar hukumar ba ta da ikon shigar da sunan ɗalibi cikin na'ura, komai ƙwarewar malamanta. A lokacin koyo ɗalibi yana tuƙi ne da takardar izinin koyo, da alamar harafin L a gaba da bayan mota, tare da ƙwararren direba a gefensa. Idan ya kammala, makarantar tana ba shi takardar shaida mai ɗauke da lamba, kuma da wannan lambar ce ake cika fom a shafin intanet na lasisin tuƙi. Tun daga ƙarshen 2020 ana buƙatar lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, saboda haka wajibi ne suna da ranar haihuwa su zo daidai da abin da ke rubuce a can, don bambancin harafi ɗaya, kamar tsakanin Muhammad da Mohammed, yana iya tsayar da aikin.

A wurin cika fom ne ake zaɓar rukunin lasisi, wato nau'in abin hawan da aka yarda mutum ya tuƙa. Rukunin A na babur ne, rukunin B na ƙananan motocin gida waɗanda nauyinsu bai kai tan uku ba, rukunin F na taraktoci da injinan noma, rukunin G na tireloli, rukunin J kuma an keɓe shi ga masu naƙasa. Direban da ya ɗauki fasinja daga tashar Kawo da lasisin motar gida ya karya doka, ko da katin nasa sahihi ne, domin ba a jarraba shi a kan wannan aikin ba.

Bayan an biya kuɗi a banki ko ta intanet, an kuma ci jarrabawar tuƙi da gwajin ido, sai mai nema ya je cibiyar lasisi da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da sa hannunsa. Wannan tsari, wanda aka ƙaddamar a 2011, shi ne ya toshe ƙofar da a da take ba mutum ɗaya damar mallakar lasisi biyu ko uku daga jihohi daban-daban da sunaye daban-daban. Idan an gama, ana ba shi lasisin wucin gadi mai aiki na kwana 60, kafin a bugo na dindindin a aiko da shi ofishin jiha. Yakan faru katin ya yi jinkiri har wa'adin na wucin gadin ya cika, kuma a irin wannan hali abin da ya dace shi ne a koma cibiyar da aka ɗauki hoton a nemi bayani, riƙe da rasit da takardar wucin gadin.

Sabunta lasisi ya fi neman sabo sauƙi, tun da ba a komawa makaranta, lambar tsohon lasisi da ranar haihuwa sun isa a buɗe bayanan mutum a shafin, sai biyan kuɗi da kai takardu cibiya a tantance su. Lasisi yana aiki na shekara uku ko biyar, gwargwadon abin da mutum ya biya. Bisa farashin da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji ta sanar, wanda ya fara aiki a watan Yunin 2025, lasisin mota na shekara uku naira 15,000 ne, na shekara biyar naira 21,000, na babur da keke mai ƙafa uku kuma naira 7,000 da naira 11,000. Kuɗin makarantar koyon tuƙi daban yake, kuma farashin yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka adadin da shafin ya nuna a ranar biya shi ne abin dogaro. Wanda lasisinsa ya ɓata kuwa ba sabo zai nema ba, rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu zai kawo a sake buga masa na da.

Babban haɗarin bin dillali shi ne lasisin jabu, wato katin da ya yi kama da na gaskiya a ido amma lambarsa ba ta cikin rumbun bayanai. Alamarsa a fili take, duk katin farko da aka kawo wa mutum har gida ba tare da ya taɓa ɗora yatsunsa a kan na'ura ba, ba daga hukuma ya fito ba. Mai irin wannan kati yakan yi shekaru yana yawo da shi cikin kwanciyar hankali, sai ranar da ya je sabuntawa aka nemi sunansa aka rasa, ko ranar da haɗari ya auku, kamfanin inshora ya ƙi biyan diyya, kotu kuma ta ɗauke shi a matsayin wanda ya yi tuƙi ba lasisi. A nan ne maganar Hausawa take tabbata cewa sauri ya haifi nawa, domin wanda ya guje wa layin yini ɗaya dole ya koma tun daga makaranta, bayan asarar kuɗin da ya riga ya ba dillali. Asarar da ta fi wannan girma tana kan jama'a, saboda direban da ba a gwada idonsa ba, bai kuma san alamomin hanya ba, shi ne yake ratsa gaban makarantu da kasuwanni da yara a bakin titi.

Saboda haka ya kamata iyayen da suke ba 'ya'yansu makullin mota, da masu motocin haya da suke ɗaukar direbobi, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Kawo da Mando, su riƙa tabbatar da cewa lasisin da aka nuna musu ta hanyar da doka ta shimfiɗa aka same shi. Shi kuma mai tuƙi ya duba ranar ƙarewar da ke jikin katinsa, ya fara shirin sabuntawa tun wa'adin bai cika ba, ya biya kuɗi ta hanyar da hukuma ta tanada, ya adana rasit ɗinsa, ya kuma je cibiyar da kansa.