3.4 Wayarin na Fitilun Gareji da Makunnai Masu Sarrafa Kansu a Yankin Kura

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda ake ja wa gareji wutar fitila a yankin Kura da Bunkure, da kuma irin sauyin da makunnai masu sarrafa kansu suka kawo wa wannan aiki. Kalmar gareji ta aro ce daga Ingilishi, kuma ban da ɗakin ajiye mota, tana nufin wurin aikin makanikai. A wannan yanki kuwa, tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Saboda haka garejin manomi ya zama ma'ajiyar injin ban-ruwa da mesa da jarkokin fetur da buhunan taki da na shinkafa. Ke nan gareji ya koma wani rumbu na zamani, wanda fitilarsa ke tsaron dukiya daga ɓarayi, amma idan wayarin ɗinta ya ɓaci ita ce za ta jawo gobara.

3.4.1 Hanyoyin Samun Wuta

Akwai hanyoyi uku da gareji ke samun wuta. Ta farko ita ce wadda har yanzu jama'a ke kira wutar nefa, duk da cewa hukumar NEPA ta koma PHCN a 2005, kuma tun watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Ta biyu ita ce ta janareto. Ta uku kuwa ita ce ta sola, wato faifan da ke tara hasken rana a cikin batir, sannan inbata ta mayar da shi irin wutar gida. Mutane sun ƙara karkata ga sola bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Duk inda aka haɗa biyu daga cikin waɗannan, wajibi ne a sa cenji-oba, wato makunnin da ke yanke ɗaya kafin ya jona ɗaya. Idan babu shi, wutar janareto na iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke bisa turke, ko kuma janareton ya ƙone da zarar an kawo wuta.

3.4.2 Wayarin na Gargajiya

Masu wayarin suna aiki da wayoyi uku. Akwai laif, wadda ke kawo wuta, sai nutiral, wadda ke mayar da ita, sai kuma wayar ƙasa, wadda ke zubar da wutar da ta ɓalle. A tsohon tsari, launinsu ja ne da baƙi da kore, a sabon tsari kuwa ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. Ana ja wa fitila waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket kuwa mai 2.5. Babbar ƙa'idar aikin ita ce a ɗora makunni a kan laif. Idan aka ɗora shi a kan nutiral, ƙwai zai mutu, amma mazauninsa na nan da wuta mai ƙarfin bolt 230, yana jiran mai canza ƙwai. Wannan tsari ne ya sa a mafi yawan gine-gine laif kaɗai ke sauka cikin akwatin makunni, nutiral kuwa ta wuce kai tsaye zuwa fitila.

3.4.3 Ire-iren Sababbin Makunnai

Za a iya kasa waɗannan makunnai gida uku kamar haka:

(a) Mai gane duhu: yana da ɗan ido da ke auna haske, sai ya kunna fitila da magariba, ya kashe da wayewar gari. Ba a kafa shi inda hasken fitilar zai haske shi, domin zai ɗauka gari ya waye, ya yi ta kunnawa yana kashewa. Haka kuma ƙurar hunturu kan rufe idon, fitila ta wuni a kunne tana shanye batir.

(b) Mai gane motsi: yana jin ɗumin jikin da ya gifta, ya kunna fitila na ɗan lokaci. Shi ya fi dacewa da ƙofar gareji, sai dai akuya ko kyanwa na iya tayar da shi, kuma da bazara, lokacin da zafin bango ya kusa kai na jikin mutum, ganewarsa kan ragu.

(c) Na wayar hannu: irin su Sonoff, wanda ake sarrafa shi ta intanet. Manomin da ke fadama a Kadawa da dare yana ban-ruwa zai iya kunna fitilar garejinsa a Kura, ko ya tsayar mata da lokacin kunnuwa da na mutuwa.

3.4.4 Abubuwan Lura

Bambancin waɗannan da tsohon makunni shi ne su ma suna cin 'yar wuta ko da fitila na kashe, don haka mafi yawansu ba sa aiki sai da nutiral. Tun da yake babu ita a tsohon akwati, dole ne a ja sabuwa daga tushen da fitilar ke shan wuta. Wasu kan nemi sauƙi su jona da wayar ƙasa, wanda yin haka ganganci ne, domin idan ta tsinke, wuta na iya bin jikin duk ƙarfen da ke haɗe da ita.

Abu na biyu shi ne mutuwar ƙwai ba ta nuna babu wuta. Wani na iya kunnawa daga nesa, ko duhu ya kunna, alhali mai gyara na riƙe da waya. Saboda haka ba a taɓa komai sai an kashe babban makunni.

Abu na uku ya shafi fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwantawa ne a ƙasa, kuma kowane makunni kan yi ɗan tartsatsi idan ya motsa. Shi ya sa ya fi kyau a kafa makunni a sama nesa da jarkoki, ko ma a wajen ɗakin, a kuma zura wayoyi cikin bututu saboda ɓeraye da ke bin buhunan hatsi.

3.4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa amfanin sabon makunni ya dogara ne ga ingancin wayarin da tsayuwar wutar da ke ciyar da shi. Na wayar hannu ba ya amsa kira daga nesa idan intanet ta yanke, ko idan an ɗauke wuta alhali ba ya kan batirin sola. Don haka garejin da ba shi da inbata ya fi amfana da fitilar sola mai gane duhu ko motsi, tare da barin makunnin hannu a bakin ƙofa. A sashe na gaba za a dubi kalmomin aro da masu wayarin ke amfani da su a wajen aiki.