Wanda ya bar aiki, wa ke karɓe masa makullin kwamfuta?

Idan aka canza wa malami makaranta, darakta ba ya barinsa ya tafi sai ya ajiye makullin aji da na kabad. Amma akwai wani makulli da ba ya shiga aljihu, wato suna da kalmar sirrin shiga kwamfuta, kuma shi aka fi mantawa da shi. A wata makarantar da na taɓa koyarwa, abokin aikinmu ya yi wata bakwai da komawa wani gari, amma har lokacin yana iya buɗe makin ɗalibanmu daga wayarsa. Mutumin kirki ne, shi da kansa ya bugo waya ya faɗa mana. To, da ba mutumin kirki ba ne fa?

Wannan magana ta shafe mu a nan Malanville, don harkokinmu da yawa sun koma cikin na'ura. Tun bayan rajistar RAVIP da aka yi daga Nuwamban 2017 zuwa Afrilun 2018, hukumar ANIP ke ba kowa lambarsa ta NPI. Sunayen yaranmu suna cikin EducMaster. Shagunan tura kuɗi ta waya da ofisoshin masu fitar da kaya daga duwan, duk da kalmar sirri suke aiki. Kuma tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aiki ya ja baya, yara da dama sun bar wuraren da suke. Mai gida ya tuna ya rufe ƙofar da ya buɗe musu a kwamfuta?

Manyan kamfanoni suna da manhajar da ke wannan aiki, irin su Microsoft Entra ID da SailPoint. Ita ke riƙe da jerin ma'aikata, matsayin kowa, da ƙofofin da aka yarda ya shiga. Sai kamfani ya rubuta mata dokokinsa. Misali, wanda ya nemi a fitar da kuɗi ba shi zai sa hannun amincewa ba. Wanda ya yi kwana 90 bai shiga ba, a dakatar da asusunsa. Wanda aka sallama, a rufe nasa nan take.

Sai dai doka ba ta duba kanta. Dole a sa wa manhajar jadawali, ta riƙa bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ya saɓa. Mai tsara jadawalin zai amsa tambayoyi huɗu: yaushe za a fara, bayan kwana nawa za a maimaita, wa zai karɓi rahoto, sannan me za a yi idan bai ce komai ba. A Entra, ana iya zaɓar duk mako, duk wata, duk wata uku, duk wata shida ko duk shekara, kuma ana iya cewa idan mai dubawa ya yi shiru har wa'adi ya cika, a janye izinin kawai.

A ganina, jadawali mai kyau shi ne wanda ya bi yadda aikin wurin ke tafiya. Inda kuɗi ke shiga da fita kullum, a duba kowane dare bayan an rufe. A nan sai a lura da agogo, don wasu na'urorin da lokacin GMT suke aiki, mu kuwa mun riga shi da awa ɗaya. A makaranta, bincike uku sun fi muhimmanci: bayan komawa karatu a Satumba idan canje-canjen malamai sun lafa, kafin a saka makin kowane zango, da kafin jarrabawar CEP da BEPC a watan Yuni. Idan kuma aka cika yawan bincike, rahoto zai taru har a daina karantawa.

Ku dubi Najeriya. A Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwada sunayen da lambar banki ta BVN. Sunayen nan ba dare ɗaya suka taru ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san mai shago a kasuwar Malanville ba zai sayi irin waɗannan manhajoji ba, kuma ba sai ya saya ba. Ya sa tunatarwa a wayarsa, ranar Litinin ta farkon kowane wata. Ya buɗe littafi ya rubuta wa ke da kalmar sirrin me, wa ya tafi, wa ya canza aiki. Ya daina bai wa mutum uku kalma ɗaya. Dokar harkokin na'ura ta ƙasarmu, mai lamba 2017-20, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma hukumar APDP ce ke sa ido. Binciken nan ba zargin kowa ba ne. Ranar da kuɗi suka ɓace ko maki ya canza, shi zai wanke wanda ba shi da laifi.